DODO YA ZAMA ANGO: TARIHIN LITTATTAFAN SOYAYYA DA BAN TSORO NA TURAWA

Duk wanda ya taɓa zama gaban kakarsa da dare ya san tatsuniyar yarinyar nan da ta rantse ba za ta auri mai tabo ba. Samarin gari suka yi ta zuwa tana korarsu, har ran da wani baƙo ya sauka, kyakkyawa, jikinsa sumul, ba wanda ya san asalinsa. Ta ce shi take so. Aka ɗaura aure, suka kama hanyar garinsu, sai da suka yi nisa cikin daji sa'an nan ya rikiɗa, ta ga ashe dodo ta aura. Manufar tatsuniyar a fili take, watau kowa ya ƙi jin bari ya ji hoho.

To, Turawa ma suna da irin wannan labari, kuma sun fi shekara ɗari biyu suna juya shi cikin littattafai. Amma a hannunsu labarin ya sake kama. Dodon da a da ake gargaɗin 'yan mata su guje shi, yau shi ne angon da ake yi wa amarya murnar samu. Littattafan da ke ɗauke da wannan sabon salo suna cikin waɗanda aka fi saye a Amurka da Ingila a 'yan shekarun nan, kuma da yake wayar hannu ba ta san iyakar ƙasa ba, ɗalibin da ya iya Ingilishi yana iya cin karo da su ko'ina yake. Saboda haka ya kyautu mai karatu ya san inda suka samo asali, da yadda aka yi dodo ya bar daji ya shiga lalle.

GAWAR DA BA TA KWANTA BA

Babban tauraron waɗannan littattafai shi ne wanda Turawa ke kira bamfaya, watau mataccen da ke fita daga kabari da dare yana shan jinin masu rai. Asalinsa camfi ne na manoman Gabashin Turai. A cikin shekarar 1725, da kuma 1732, ma'aikatan daular Ostiriya da ke mulkin wani yanki na ƙasar Sabiya suka aika da rahotanni cewa mutanen ƙauyuka suna tone kaburbura suna soke gawawwaki da tsinin itace, wai don su ne ke kashe musu 'yan'uwa. Abin da ƙauyawan suka gani shi ne gawa ta kumbura, ga kuma jini a bakinta. Likitoci sun san haka gawa take yi idan ta fara ruɓewa, amma jaridun Turai suka baza labarin, har a 1755 Sarauniya Mariya Tereza ta kafa dokar hana wannan tone-tone.

Abin lura a nan shi ne, bamfayan ƙauye ba shi da wani abin sha'awa. Talaka ne kumburarre mai wari, kuma ba budurwar da za ta yi mafarkinsa. Marubuta ne suka yi masa wanka suka sa masa kwat.

A wannan zamani kuwa wani irin ƙagaggen labari ya fara tashe a Ingila, mai cike da tsofaffin gidajen sarauta, da hanyoyin ƙarƙashin ƙasa, da fatalwa, da budurwa a hannun mugun mai iko. Horace Walpole ne ya buɗe fagen da littafinsa The Castle of Otranto a 1764, sa'an nan Ann Radcliffe ta ɗaukaka shi da The Mysteries of Udolpho a 1794. Tun daga lokacin mata ne suka fi yawa cikin masu karanta irin waɗannan littattafai, kuma tun daga lokacin manya suke kukan za su ɓata tarbiyya.

DAMINAR 1816

A cikin 1815 dutsen Tambora na ƙasar Indunisiya ya yi aman wuta, tokarsa ta tare hasken rana, har shekarar da ta biyo baya Turai ta yi bazara cikin sanyi da ruwan sama. Wannan ruwa ya tsare wasu matasan Ingila a wani gida bakin tafkin Janiba a ƙasar Suwizalan. Cikinsu akwai mashahurin mawaƙin nan Lord Byron, da likitansa John Polidori, da Mary Shelley. Don rage zaman kaɗaici suka yi shawara kowa ya ƙago labarin ban tsoro. Daga wannan zama Mary Shelley ta samo Frankenstein, wanda aka buga a 1818. Shi kuwa Polidori ya rubuta The Vampyre, aka buga a 1819, har aka yi kuskure aka sa sunan Byron a kansa.

Bamfayan Polidori, mai suna Lord Ruthven, basarake ne mai dukiya da daɗin baki, wanda ke shiga manyan gidajen Landan mata na rububinsa. Masana da yawa suna ganin halin ubangidansa Byron ne likitan ya kwaikwaya. A ƙarshen labarin Ruthven ya auri ƙanwar abokinsa, kafin a kai mata agaji ya riga ya shanye jininta ya ɓace. Wannan dai ita ce tatsuniyarmu ta mai ƙin tabo, sai dai ita wannan amarya ba ta kuɓuta ba.

Marubutan da suka biyo baya sun riƙe wannan hukunci. Sheridan Le Fanu, mutumin Ailan, ya fitar da Carmilla a 1872, inda bamfayan ta kasance mace ce, aka kuma halaka ta a ƙarshe. Wani ɗan Ailan ɗin, Bram Stoker, ya fitar da Dracula a 1897. Dirakula ya taso daga Turansilbaniya, wadda yau take cikin ƙasar Rumaniya, ya shiga Ingila, ya halaka wata budurwa Lucy, ya nemi ya mallake ƙawarta Mina, sai jarumawa suka bi shi har ƙasarsa suka kashe shi. A duk waɗannan littattafai dodo yana da kwarjini da jan hankali, amma marubucin bai taɓa barin mai karatu ya manta cewa halaka ce ke tattare da shi ba.

ƊAYA REshen LABARIN

Akwai kuma wani tsohon labari da ya bi wata hanya dabam. A 1740 wata Bafaranshiya, Madam de Villeneuve, ta buga labarin kyakkyawar yarinya da dodo, watau wadda ta yarda ta zauna a gidan wata mummunar halitta don ta fanshi ran mahaifinta. A 1756 Madam Leprince de Beaumont, wadda ke aikin koyar da 'ya'yan manya a Landan, ta taƙaita shi ta sa cikin littafin tarbiyyar 'yan mata. A cikin labarin, yarinyar ta gane dodon yana da kirki, ta so shi, sai sihirin da aka yi masa ya karye ya koma ɗan sarki. A zamanin da ake aurar da 'yan mata ga mazan da ba su sani ba, manazarta suna ganin labarin lallashi ne, watau a yi haƙuri, mijin da ake tsoro yana iya zama na kirki.

Ga hanyoyi biyu ke nan. A ta farko dodo ya cinye amarya. A ta biyu amarya ta mai da dodo mutum. Littattafan zamaninmu sun haɗa su, suka fito da ta uku.

DODO YA SAMI BAKIN MAGANA

Juyin ya fara sosai ne a 1976, sa'ad da wata Ba'amurkiya 'yar birnin New Orleans, Anne Rice, ta fitar da Interview with the Vampire. Ta rubuta shi ne bayan 'yarta 'yar shekara 5 ta rasu da ciwon sankarar jini a 1972, kuma baƙin cikin wannan rashi ya ratsa littafin. A nan bamfayan ne da kansa, mai suna Louis, yake ba wani ɗan jarida tarihinsa, yana faɗin nadamarsa da kaɗaicinsa da yadda yake ƙyamar abin da dole ya ci don ya rayu. Da zarar an ba dodo dama ya faɗi nasa ɓangaren, mai karatu ya fara tausaya masa, tausayi kuwa maƙwabcin so ne.

A gefe guda kuma kasuwar littattafan soyayya zalla tana ta bunƙasa. Kamfanin Mills & Boon, wanda aka kafa a Landan a 1908, ya cika duniya da 'yan ƙananan littattafansa, har manyan ma'aikatanmu da suka yi sakandare a shekarun 1970 da 1980 za su tuna yadda ake ɓoye su cikin akwati a makarantun kwana. Irin wannan adabi yana da ƙa'ida guda da ba a karya ta, ita ce dole masoya su haɗu cikin farin ciki a ƙarshe. To, idan aka ɗauko dodon Anne Rice aka sa shi cikin labarin da ke bin wannan ƙa'ida, ba sauran zancen a soke shi da itace. Dole ya zama ango.

Wadda ta ci ribar wannan haɗi fiye da kowa ita ce Stephenie Meyer, da littafinta Twilight na 2005. Labarin wata yarinya ce Bella, 'yar shekara 17, da ta koma wani ɗan gari mai yawan hadari da ake kira Forks a jihar Washintan, ta kamu da son wani ɗan makarantarsu, Edward. Ashe Edward bamfaya ne tun 1918, sai dai shi da danginsa sun haramta wa kansu jinin mutum, na dabba suke sha. Littattafai huɗu suka fito tsakanin 2005 da 2008, aka sayar da fiye da kwafi miliyan 100, aka kuma yi finafinai biyar tsakanin 2008 da 2012. Marubuciyar mabiyar ɗarikar Mormon ce, don haka masoyan nata ba su kusanci juna ba sai bayan aure. Amma ƙarshen labarin sabo ne. Edward bai koma mutum ba. Bella ce ta bar mutuntakarta ta zama bamfaya, aka kuma nuna wannan a matsayin babban rabo. Hanya ta uku ke nan, amarya ta zama dodo.

DAGA YARA ZUWA MANYA

'Yan matan da suka karanta Twilight sun girma, kasuwa kuma ta girma tare da su. Wata 'yar Ingila, E. L. James, ta fara rubuta nata labarin a intanet bisa taurarin Twilight, daga baya ta sauya sunaye ta cire zancen shan jini, ya fito a 2011 da sunan Fifty Shades of Grey, cike da bayanin kwanciya ba sakayawa. Cinikin da ya yi ya nuna wa masu ɗab'i cewa akwai miliyoyin mata manya da za su sayi irin wannan.

A 2015 Sarah J. Maas ta fitar da A Court of Thorns and Roses. Ta ɗauko tsohon labarin kyakkyawa da dodo ne ta sa shi cikin duniyar wasu halittu marasa tsufa masu kama da aljanu. Wata mafarauciya Feyre, 'yar shekara 19, ta kashe kyarkeci ba ta san ɗaya daga cikinsu ba ne, aka ɗauke ta zuwa ƙasarsu don ta biya diyya, kuma kafin littafin ya ƙare ita ma ta zama irinsu. Da farko a sashen matasa ake ajiye littafin, amma da bayanin jima'i da azabtarwa ya yi ta ƙaruwa cikin na gaba, sai a 2020 kamfanin Bloomsbury ya sake masa bango ya mai da jerin na manya.

A wannan shekara ta 2020 annobar korona ta kulle mutane a gida, matasa suka shiga tallata wa juna littattafai a dandalin TikTok. Aka raɗa wa wannan adabi suna romantasi, daga haɗin kalmomin Ingilishi biyu masu nufin soyayya da almara. Rebecca Yarros ta fitar da Fourth Wing a 2023, labarin makarantar yaƙi inda ɗalibai ke hawan dodanni masu fukafukai da aman wuta, wanda bai yi sa'a ba kuma ya mutu tun kafin ya gama. Na uku a jerin, Onyx Storm, ya fito a watan Janairu na 2025, aka sayar da kwafi miliyan 2.7 cikin makon farko.

Bayan waɗannan akwai wani reshe da ya fi duhu, wanda marubuta da yawa ke bugawa da kansu ta hanyar Amazon ba tare da wani edita ya tace ba. A nan saurayin yana iya sace yarinyar, ko ya tsare ta, ko ya tilasta ta, sa'an nan labarin ya ƙare da soyayya. Marubutan da kansu sukan jera gargaɗi a shafin farko, suna faɗin irin abubuwan tayar da hankali da ke ciki, da kuma cewa ba na ƙasa da shekara 18 ba ne.

ME YA SA AKE SON SU?

Ba daidai ba ne a ɗauka miliyoyin matan da ke karanta waɗannan littattafai duk ba su da wayo. Akwai dalilai. Na farko, mutum yana son ya ɗanɗani tsoro alhali yana kwance lafiya a ɗakinsa, kuma wannan ne ya sa yara ke roƙon a sake musu tatsuniyar Dodo ko da ta hana su barci. Na biyu, masoyin da ba ya tsufa, ba ya mutuwa, wanda ya jira ɗaruruwan shekaru don mace guda, amsa ce ga fargabar da kowa ke da ita ta rabuwa da gushewar ƙuruciya. Na uku, yawancin marubutan mata ne, kuma yarinyar labarin takan fara da rauni ta ƙare da iko, ta yi yaƙi, ta yi sarauta, a saurari maganarta.

Har ila yau ba duka littattafan ne ke yabon mugun hali ba. A littafi na biyu na jerin Maas, wanda ya fito a 2016, masoyin da ya ceci Feyre ya koma kulle ta a gida da sunan kare ta, har ta kusa zaucewa, ta bar shi. Marubuciyar ta nuna cewa abin da aka ɗauka so ne a littafin farko, mallaka ce.

INDA GIZO KE SAƘAR

Amma akwai abin dubawa. A cikin Twilight, Edward yana shiga ɗakin Bella da dare ba da saninta ba yana kallonta tana barci, kuma a littafi na uku ya cire wani ƙarfe daga motarta don kada ta ziyarci wani abokinta. Da wani saurayin unguwa ne ya yi haka, da kowa ya ce a kai ƙara. Labarin kuwa ya nuna shi a matsayin tsananin ƙauna. Fiƙoƙi da fukafukai ba su da haɗari, gama ba wanda zai gamu da su a hanya. Abin da ke bin mai karatu har gida shi ne darasin da ke ƙarƙashi, cewa kishi mai tsanani alamar so ce, kuma mace mai haƙuri tana iya sauya mugun namiji. Babbar mace da ta ga duniya tana iya karantawa ta yi dariya ta rufe. 'Yar shekara 14 da ba ta da abin gwadawa, ita ce abin ji.

Wannan damuwa ta kai ga hukuma a Amurka. A watan Agusta na 2024 jihar Yuta ta fitar da sunayen littattafai 13 da ta hana ajiyewa a dukkan makarantun gwamnati, 6 daga cikinsu na Sarah J. Maas ne. Masu goyon baya suka ce kare yara ne, ƙungiyoyin marubuta suka ce tauye 'yancin karatu ne. Mu ma mun ga irin wannan a gida, domin a 2007 an ƙona littattafan soyayya na Hausa a bainar jama'a a Kano, amma rubutun bai tsaya ba, sai ma ya ƙaura zuwa wayar hannu inda ashana ba ta kai. Cire littafin manya daga ɗakin karatun yara abu ne mai ma'ana. Zaton cewa hakan ya kashe maganar, shi ne kuskure.

Abin da ya fi amfani shi ne uba ko uwa ko malami ya san cewa bango mai zanen fure da takobi ba shaidar littafin yara ba ne, ya duba shafin gargaɗi, ya kuma tambayi yaron abin da yake karantawa ba da tsawa ba. Shi kuwa ɗalibi, ya riƙe tambaya guda duk sa'ad da ya buɗe irin wannan littafi: in an cire wa saurayin nan sihirinsa da kyansa da dukiyarsa, aka bar halinsa kawai, zan so ƙanwata ta aure shi?

Tun a 1817 aka buga littafin Jane Austen mai suna Northanger Abbey, wanda ya taɓo wannan al'amari. Wata yarinya Catherine, ita ma 'yar shekara 17, ta sha littattafan Ann Radcliffe har suka hau mata kai. Da aka gayyace ta wani tsohon gida, sai ta shiga zargin maigidan, wani Janar, da kashe matarsa, tana leƙe-leƙen ɗakuna tana neman shaida. Ba ta sami kome ba sai kunya. Amma daga baya Janar ɗin ya gano ba 'yar masu kuɗi ba ce kamar yadda ya zata, ya kore ta da sassafe, ta yi doguwar tafiya ita kaɗai ba rakiya. Tana can tana neman dodon littafi, ba ta lura da kwaɗayi da rashin mutuncin da ke zaune tare da ita a teburin cin abinci ba. Austen ba ta ce a daina karatu ba, hasali ma a cikin littafin ta kare marubutan ƙagaggun labarai daga masu raina su. Abin da ta nema shi ne mai karatu ya karanta da idonsa biyu, ɗaya a kan takarda, ɗaya a kan mutanen da yake zaune da su.